Tsadar gida da fili a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi ga mai shirin saye ko gini

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikata, 'yan kasuwa da magidantan da haya ta ishe su. Lissafin kuɗin gida da za ka gani a ƙasa misali ne don a ga yadda ake aunawa, sai ka cire namu adadin ka sa naka.

Me ya sa gida da fili suka yi tsada haka cikin 'yan shekarun nan?

Babban dalili shi ne faɗuwar darajar naira. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke lissafawa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Kwanon rufi, tayil, wayar lantarki, fenti, ƙofofin ƙarfe da kayan famfo, ko dai daga waje ake shigo da su, ko kuma kayan haɗa su ne ke zuwa daga waje. Ga nisa kuma. Kayan da aka sauke a Legas sai sun yi tafiyar kusan kilomita dubu a bayan tirela kafin su iso nan, kuma kuɗin dizal ɗin a kan mai gini yake ƙarewa. Da zarar sabon gini ya yi tsada, mai tsohon gida ma sai ya ɗaga nasa, don ya san abin da zai kashe in zai sake gina irinsa.

Sai yawan jama'a. Rashin tsaro a Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, da yankin Tangaza da Gudu, da maƙwabciyarmu Zamfara, ya turo mutane cikin birni. Mai hali ya sayi gida, mai ƙaramin ƙarfi ya kama haya, wanda ba shi da ko ɗaya ya raɓa da dangi. Ga ɗalibai da ma'aikatan jami'o'i, kwalejoji da asibitin koyarwa. Birnin da a da ake ganin iyakarsa Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, yanzu ya malala cikin Wamakko, Dange Shuni, Kware da Bodinga.

Akwai kuma masu kuɗin da suka mai da fili asusu. Ba gini za su yi ba, gudun narkewar naira suke yi. Su ne masu filayen da ka gani an kewaye an sa ƙofa an bari ciyawa na fitowa.

Ga masana'antar siminti a Kalambaina. Me ya hana mu samun siminti da araha?

Tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, yau kuma masana'antar tana ƙarƙashin kamfanin BUA. Kusancin yana rage kuɗin dako, iyakarsa ke nan. Makamashin da ake ƙona dutsen da shi da kayan gyaran injuna suna bin dala da dizal, kuma buhun da aka cika a nan yana da masu jiransa a wasu jihohi, don haka farashin ƙasa baki ɗaya yake bi.

Abin da ya faru a 2023 ya isa darasi. A watan Oktoba kamfanin ya sanar da farashin naira 3,500 a bakin masana'anta, mutane da yawa suka dakatar da gini suna jiran sauƙin ya iso shago. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Farashin bakin masana'anta daban, na dila daban, na mai shagon unguwarku daban. Da na ƙarshen za ka yi lissafi.

Dillalai na cewa ƙasa ba ta ruɓewa, farashinta ba ya saukowa. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ce. A naira, da wuya ka ga farashi ya sauko, domin mai gida ya gwammace ya riƙe shekara biyu da ya sayar ƙasa da abin da maƙwabcinsa ya ce ya samu. Amma a shekara biyun nan naira tana ta raguwa a hannu.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wanda ya sayi fili naira miliyan 10 a ƙarshen 2023 ya sayar miliyan 13 bayan shekara zai ce ya ci ribar miliyan 3. Amma don kuɗinsa su saya masa abin da suke saya a da, miliyan 13 da kusan rabi yake buƙata. Faɗuwa ya yi, ba a ma cire la'ada ba. In da dala za a auna, gidan miliyan 20 lokacin da dala take 460 ya kai kusan dala 43,500. Ko da ya ninka ya koma miliyan 40 a lokacin da dala take 1,500, bai kai dala 27,000 ba.

Wani abin da ba a faɗa shi ne gida ba ya sayuwa ranar da kake so. Wanda lalurar asibiti ko kuɗin fansar ɗan uwa ta taso masa, ba a farashin da dillali ya yi ta faɗa masa zai sayar ba. Masu kuɗi a hannu sun san matsuwarsa, kuma da ita za su taya.

Ana ta hasashen cewa farashi zai ninka nan da shekara biyu. A yarda?

A saurara, amma kada a ci bashi a kansa. Hasashe mai ƙarfi yana tsayawa ne a kan tarin cinikin da aka riga aka yi, alhali yawancin cinikin gida a nan a zaure ake ƙulla shi, tsakanin mai saye, mai sayarwa, dillali da shaidu. Kuɗin da aka biya ba ya shiga wani kundin da jama'a ke dubawa, wanda ake rubutawa a takardar da za a kai ofis ma sau da yawa an rage shi don kuɗin rajista ya yi sauƙi. Rahotannin kasuwar gidaje da ake bugawa kuwa galibi Legas, Abuja da Fatakwal suke kallo. Abin da ke motsa farashi a Lekki ko Maitama ba shi ke motsa shi a Mabera ko Arkilla ba.

Ko inda ake da cikakkun alƙaluma an sha kunya. A Amurka, kafin 2008, manyan bankuna da kamfanonin auna haɗarin bashi sun gina lissafinsu a kan cewa farashin gidaje ba zai faɗi a faɗin ƙasar lokaci guda ba. Ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 2006 da 2012, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. A nan gida ma, waɗanda suka ci bashi suka sayi hannun jari a 2007 sun ga abin da 2008 ta zo da shi.

In aka kawo maka hasashe, tambayi mai shi abin da zai samu in ka saya. Mai sayar da fuloti ɗari biyu ba zai taɓa ce maka farashi zai tsaya ba. Ka ce ya nuna maka ciniki uku da aka kammala a wurin cikin wata shida, da wanda ya saya da abin da ya biya. Sannan ka tuna abin da ya faɗa bara, ka duba ko ya tabbata.

A kula da alƙaluman hukuma ma, ba don ƙarya ne ba, sai don ana yi musu gurguwar fahimta. A Janairun 2025 adadin hauhawar farashi ya sauko zuwa 24.48 daga 34.8 na watan da ya gabace shi. Sauya ma'aunin lissafin aka yi. Kuma ko da hauhawa ta ragu da gaske, ma'anarta farashi na hawa a hankali, ba saukowa yake ba.

To batun ƙarancin gidaje miliyan 17 ko miliyan 28 da ake ambata fa?

An daɗe ana yawo da waɗannan adadi, kowa da wanda ya riƙe. Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito fili ya ce adadin miliyan 17 ba shi da tushe. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006. Ƙarancin muhalli gaskiya ne, duk wanda ya nemi ɗaki biyu da falo a birnin nan ya sani. Amma mai buƙatar gida daban, mai kuɗin sayen gida daban, kuma na biyun ne ke yanke farashi.

Yaya zan gane ko farashin da aka faɗa min na gaskiya ne?

Ka raba farashin zuwa fili da gini. Fili ka auna shi da tef, kada ka yarda da "fuloti ɗaya" a baki. Ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne, ƙafa 100 da 100 kuwa 929. A wuraren awon igiya za ka tarar da ƙafa 40 da 80 ana kiransa fuloti, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na mai ƙafa 50 da 100 ba. Raba kuɗin da murabba'in mita, sai ka iya gwada wannan fegi da wancan.

Gini kuma ka kira birkila ko injiniyan da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya ƙiyasta abin da za a kashe a gina irinsa yau, a cire kuɗin gyaran da yake buƙata. Sannan ka duba haya. Gidan miliyan 30 da hayarsa take miliyan 1.2 a shekara yana ba da kashi 4 cikin ɗari, wato shekara 25 kafin ya mai da kuɗinsa, ba a sa gyara da watannin da zai zauna ba kowa ba. In don zama za ka saya, wannan ba laifi. In don riba ne, lissafin bai fita ba.

Ka kuma tambayi dillalai nawa ne a tsakani. Sau da yawa mai gida ya faɗi kuɗinsa, na farko ya ɗora, na biyu ya ɗora a kan ɗorin. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka zauna da mai gidan ido da ido. La'ada kuwa al'ada ce, a yanke ta tun kafin ciniki ya faɗa, a kuma faɗi wanda zai biya.

Da albashina, gidan nawa zan iya ɗauka?

Ƙa'idar da masu ba da lamunin gida ke bi ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu. Lamunin miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30 yana cin kusan naira 60,000 a wata, wato sai mai samun 180,000. Mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, abin da zai iya ɗauka bai kai miliyan 4 ba.

A bankin kasuwanci labarin ya fi muni. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankuna kuwa sama da haka suke ba da bashi. Ko a kashi 25 aka ba ka miliyan 10 na shekara 10, biyan wata ya kai kusan 227,000. Shi ya sa mafi yawan gidajen garin nan da adashi, kuɗin sallama, cinikin dabbobi da amfanin gona aka gina su, ɗaki bayan ɗaki.

Ana cire min kuɗin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, a albashi. Zan iya cin moriyarsa? Kuma ina gudun riba.

An kafa asusun a 1992, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari, FMBN, wato bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi. Wanda ya yi wata shida yana zubawa zai iya nema ta hannun wani bankin lamunin gidaje, a kan kashi 6, har zuwa shekara 30. Abu biyu ke yawan kayar da masu nema. Na farko takarda: gidan da ba shi da sahihiyar shaidar mallaka ba ya zama jingina. Na biyu shekaru: ana so a gama biya kafin ritaya, don haka mai shekara 45 da wuya ya samu fiye da shekara 15, biyan miliyan 10 ɗin nan kuma sai ya tashi daga 60,000 zuwa kusan 84,000. Kafin komai, nemi lambarka ta asusun ka tabbatar abin da ake cirewa yana isa can.

Wanda ke cikin tsarin fansho na asusun ajiya yana da wata ƙofa: tun 2022 hukumar PenCom mai kula da fansho ta yarda a cire har kashi 25 na ajiyar a biya kason farko na lamunin gida, ga wanda ya yi wata 60 yana zubawa.

Kashi 6 ɗin nan ruwa ne, ba wani suna gare shi ba. Mai gudunsa sai ya duba bankuna marasa ruwa irin su Jaiz da TAJ. A murabaha banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. A ijara kana biyan haya har gidan ya zama naka. A musharaka mai raguwa kuna tarayya, kana sayen kason banki kaɗan-kaɗan. Halacci ba ya nufin araha. Ka nemi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe a rubuce, ka tambaya ko ana sake duba kuɗin hayar a tsakiyar wa'adi.

Saye ya fi ko gini?

Gini ya fi ga mai haƙuri da zai iya tsayawa a kan aikinsa. Amfaninsa shi ne kana biya gwargwadon ƙarfinka, kuma ka san abin da ke cikin bango.

Bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana cin bulo kusan 400 bayan an cire ƙofa da taga. Katangar fuloti mai ƙafa 50 da 100, in tsayinta ya kai ƙafa 8, tana cin kusan 2,200 ban da na cikin ƙasa, wato fiye da ɗaki biyar. Mutane da yawa ba sa sa ta a lissafi, alhali a garin nan ba mai tarewa da iyali a gidan da ba katanga. Haka rijiyar burtsatse ko tanki, sokawe, da jawo wuta.

Inda ake cutar mai gini shi ne bulo da rodi. Buhu ɗaya in ya ba da bulo mai inci 9 kamar 25, ya yi ƙarfi. Wanda aka ja ya kai 40 ko fiye, da makulli za ka kankare shi ya zube. Rodi mai milimita 12, tsawon mita 12, kusan 93 ne a tan ɗaya. In ka ga an ƙirga maka fiye da ɗari da yawa a tan, ba kyauta aka yi maka ba, siririn rodi ne. Kankaren ginshiƙi da linta a riƙe awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa.

Zafin Sakkwato ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, kankaren da aka zuba da tsakar rana yana bushewa kafin ya kama, sai ya tsattsage. A zuba da sassafe ko bayan la'asar, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana bakwai. Iskar farkon damina kuma ita ke yaye rufi, don haka a ɗaure katako da rodin da aka dasa cikin kankare, a ɗaga rawani ya kare bakin kwano.

Kada ka tara siminti don gudun tashin farashi. Bayan kamar wata uku ƙarfinsa na raguwa, in danshi ya taɓa shi kuwa ya daskare. In kuɗi sun shigo kuma aiki bai tashi ba, rodi da kwano sun fi jure ajiya. In za a dakata, a dakata bayan an cike harsashi ko bayan an gama rufi. Katakon da aka ɗora aka bari ba kwano, rana da gara za su raba shi.

An nuna min fili mai araha a bayan gari, an ce babbar hanya za ta biyo ta wurin.

Tun da aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela a 2024, kowace gona ta zama "bakin hanya" a bakin masu talla. Je ma'aikatar filaye ko hukumar tsara birane ka ga taswira. In hanyar ta ratsa ta cikin filin ne, ka sani Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da shuka da abin da aka kashe a wurin, ba farashin da ka saya ba.

Kuma ka je wurin a watan Agusta, ba a watan Maris ba. Filin da yake fes da rani yana iya zama tafki da damina. Ambaliyar 2010 da ta biyo kogin Rima ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma mazauna Mabera sun san abin da rashin magudana ke yi ko ba kogi kusa. Duba alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta, tambayi zurfin da suka haƙa kafin su sami ruwan sha.

Wace takarda ce ke kare ni?

Takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa tana nuna an yi ciniki, amma ba ta hana a sayar wa wani wurin a karo na biyu. A cikin birni, abin da doka ta sani shi ne takardar mallaka ta gwamna, wadda aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar gwamna. Kafin ka biya, kai lambar fayil ɗin ma'aikatar filaye ko ofishin SOGIS, mai ajiye taswira da bayanan filayen jihar, a bincika: sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. Ka sa safiyo mai rajista ya gwada duwatsun iyaka da abin da ke cikin zane. Ka biya ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda.

Bayan ka saya kada ka yi nisa da wurin. Kotunan shari'a suna aiki da hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya: wanda ya ga bare yana gini ko noma a filinsa shekara goma, yana gari, ya sani, ba abin da ya hana shi magana kuma ya yi shiru, da'awarsa na iya faɗuwa.

Gidan gado ne, babban wansu ke sayarwa.

Shi kaɗai bai isa ba. Nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji, mata da maza, har da waɗanda ke aure a wani gari, da waliyyin marayu in akwai. In kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

Ni mace ce, da kuɗina zan saya. Sunan wa zan sa?

Naki, Hajiya. Shari'a da dokar ƙasa duk sun ba ki wannan. Maigida ko yayanki na iya tsaya miki a ciniki a matsayin wakili, amma sunan da ke kan takarda shi kotu za ta fara dubawa ranar da aka zo rabon gado.

In jira farashi ya sauko, ko in saya yanzu?

In kuɗin naka ne, gidan na zama ne, takarda ta fita tsaf, kuma bayan ka biya za ka rage abin da zai riƙe iyali wata shida, jira ba zai ƙara maka komai ba, domin kuɗin da ke ajiye suna raguwa kana kuma biyan haya. In sai ka ci bashi mai ruwa sama da kashi 20, ko ka sayar da jarin da kake ci da shi, don wani ya ce gobe zai ninka, ka dakata. Wanda kuɗinsa ba su kai gida ba, ya sayi ƙaramin fili mai takarda a inda ruwa da hanya suka riga suka isa, ya kewaye, ya fara da ɗaki biyu da banɗaki a gefe ɗaya na filin, yadda sauran ginin zai samu wuri in hali ya zo.